Kamfen da ba shi da rasi

Ƴan uwana ɗalibai, akwai tambaya guda wadda ban taɓa jin an tsare ɗan takara da ita ba a ƙasar nan, ko a filin mitin, ko a rediyo, ko a fada wajen shan shayi: nawa ka kashe a kamfe, kuma wa ya ba ka? Mukan tambayi ɗan wace jiha ne, ɗan gidan wa ne, wane babba ne ya tsaya masa. Amma kuɗin da ya watsa cikin makonni uku na yaƙin neman zaɓe, sai mu ɗauke su kamar ruwan sama, wanda ba a tambayar wa ya biya. Ni dai a ganina, duk jam'iyyar da ba ta iya nuna rasin abin da ta kashe wajen neman mulki, bai kamata a damƙa mata baitulmalin ƙasa ba.

Na san abin da wani zai ce tun bai gama karanta wannan shafi ba: "Kai malam, wace jam'iyya kuma? Ai an rushe su." Gaskiya ne. An dakatar da harkokinsu bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, kuma ranar 26 ga Maris 2025 aka sa hannu a takardar rushe su baki ɗaya, su sama da 150. To amma suna da tuta aka rushe. Mutanen suna nan, masu ba su kuɗi suna nan, halin ma yana nan. Soja sun karɓi mulki a 1996, sun karɓa a 1999, sun karɓa a 2010, kuma kowane karo an koma ga akwatin zaɓe da fuskokin da aka riga aka sani. Ko shekara nawa za a yi, wata rana za a sake liƙa afishi a bangon kasuwa. Tun ran gini tun ran zane. In ba a kafa ƙa'ida yanzu da fili yake fayau ba, ranar da suka dawo su ne za su rubuta ta, kuma ba wanda ke tufka igiyar da za a ɗaure shi da ita.

Mu fara da lissafi, tunda shi ake gudu. Kowa cikinmu ya taɓa ganin ranar da babban ɗan takara zai shigo Maraɗi ko Damagaram ko Tawa. Jerin motoci kat-kat tun daga bakin gari, kowace da cikin tanki na gazuwal. Ƴan kabu-kabu a gaba suna ta oda. Mata cikin anko na atamfa mai hoton mutumin. Rumfuna, kujeru, amsa-kuwwa, makaɗa da maroƙa. Manyan motoci da aka aika ƙauyuka su kwaso jama'a don fili ya cika. Bayan magariba kuma a zagaya gidajen masu faɗa a ji da ambulan. Ba ɗaya cikin waɗannan da ke zuwa kyauta.

Ku ɗauki bik mu gwada abu ɗaya kawai. A zaɓen 2020 rumfunan zaɓe sun kai kusan 26,000 a faɗin ƙasa. Jam'iyyar da ke son tsare ƙuri'arta dole ta aje wakili a kowace rumfa. Mu ce an ba kowane wakili jika 5 na abinci da wahala. Miliyan 130 ke nan na sefa, a yini guda, a zagaye guda, ba a sayi litar mai ko ɗaya ba tukuna. Yanzu ku ƙara yawon jihohi takwas, da garuruwa da ƙauyuka na kwamin sama da 250, har kwana 21. Ku ƙara ƴan takarar dipite masu neman kujeru 171 na majalisa, kowa da nasa ɗan ƙaramin jerin motoci.

Kafin ma a kai nan, akwai kuɗin ajiya. A zaɓen shugaban ƙasa na 27 ga Disamba 2020, kowane ɗan takara sai da ya zuba miliyan 25 kafin a karɓi takardunsa, kuma mutum 30 ne suka tsaya. A lokacin albashi mafi ƙanƙanta da doka ta yanke faranka 30,047 ne a wata. Ma'aikaci mai wannan albashi, ko da bai ci ba bai sha ba, sai ya yi shekara kusan 70 yana tarawa kafin ya biya kuɗin ƙofa kaɗai. To daga ina kuɗin suke fitowa? Kun taɓa ganin ƴan jam'iyya sun yi layi ƙarshen wata suna biyan kuɗin katinsu? A unguwanninmu dai jam'iyya ce ke ba magoya baya, ba su ke ba ta ba.

Amsar ba ɓoyayya ba ce, a kowace fada ana faɗinta. Wani babban ɗan kasuwa ya ba da motoci. Wani ya sauke buhunan shinkafa. Wani ɗan kwangila ya aiko da jaka cikin dare. In jam'iyyar ce ke mulki, motar ma'aikata da man ma'aikata su ma su bi sahu, a ce rangadin aiki ne. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Mutumin da ya iya cinikin sisi da kwabo a kan iyaka shekara da shekaru, ba zai watsa miliyan ɗari don ƙaunar dimokuraɗiyya ba. Jari ya zuba, riba yake jira. Kuma kowa ya ci ladan kuturu, sai ya yi masa aski.

Askin kuwa a kanmu ake yin shi. Ɗan takara ba ya biyan wannan bashi daga aljihunsa. Yana biya da marshe na gwamnati wanda aka ba da ba tare da gasa ba, da kayan da suka wuce duwan ba a caje su ba, da lanhon da aka yafe wa mai shi, da muƙamin da aka ba ɗan gidan wane alhali ga wanda ya fi shi takarda yana zaman kashe wando. Aji ɗaya a biya kuɗin uku, a gina rabi. A watan Afrilu 2021 wuta ta kama azuzuwan zana a unguwar Pays-Bas a Yamai, yara 20 suka rasu. A watan Nuwamba na wannan shekarar aka sake yin irin ta a Maraɗi, yara sama da 20 suka tafi. Allah ya ji ƙansu. Ban ce wani ɗan takara ne ya kunna wutar ba. Abin da nake cewa shi ne, ƙasar da ƙannenmu ke karatu cikin zana, bursu na makara wata da watanni, ba ta da faranka ko ɗaya da za ta bari ya sulale wajen biyan bashin da ba a rubuta ba.

Abin takaici, doka ta so ta yi magana. Dokar jam'iyyun siyasa ta 16 ga Disamba 2010 ta wajabta wa kowace jam'iyya ta riƙe littafin shiga da fita na kuɗinta, ta kuma kai lissafinta na shekara gaban kotun binciken kuɗi, wato Cour des comptes, kafin 31 ga Maris. Dokar nan kuma ta ware wa jam'iyyu tallafi daga baitulmali, kashi 0.30 cikin ɗari na harajin da ƙasa ta tara a shekara. Wato cikin kowace jika ta lanho, faranka 3 nasu ne. Za ku ce ai ko dala bai kai ba. To in ƙasa ta tara miliyar 1,000, miliyar 3 ke nan. Kuɗin mai sayar da albasa a Galmi ne, da na mai ɗinki a Birnin Damagaram, da na iyayenmu. Wanda ya ci kuɗin jama'a kuwa, jama'a na da hakkin ganin takardarsa.

Me ya faru da wannan doka? Rahotannin kotun sun sha nuna cewa jam'iyyu da yawa ba sa kai lissafin ko kaɗan, wasu kuma su kai ba tare da cikakkun takardun shaida ba. Babban abin da jam'iyya ke tsoro shi ne a hana ta tallafi. To wanda ke da alhazai goma a bayansa, me ya dame shi da tallafi? Ga kuma babban rami: mafi yawan kuɗin kamfe ba sa bi ta asusun jam'iyya sam. Daga hannun mai bayarwa suke zuwa hannun ɗan takara, daga nan zuwa aljihun babbar riga, daga aljihu zuwa fili. Ma'ajin jam'iyya yana zaune da littafinsa fes, kogin kuɗi na wucewa ta bayan gida. Rahoton kotu kuma ya fito da Faransancin lauyoyi, bayan an daɗe da rantsar da wanda ya ci. Wa ya karanta shi a Dakwaro? Wa ya ji labarinsa a Madawa? Na tabbata ko cikinmu masu zuwa jami'a, waɗanda suka taɓa riƙe shi a hannu ba su cika aji guda ba. MNSD ta yi mulki, CDS ta yi, PNDS ta yi, Lumana da sauransu sun shiga gwamnati sun fita. Sun yi faɗa a kan komai, amma ban ji ranar da suka yi faɗa a kan a buɗe littafin kamfe ba. A nan kam bakinsu ɗaya.

Masu kare wannan hali suna da hujjoji, bari mu duba su ɗaya bayan ɗaya.

Ta farko, wai mu ba mutanen takarda ba ne, ƙasarmu ta kuɗin hannu ce, yawancin jama'a ba su yi lakwal ba. Wannan raini ne. Uwar adashe a unguwarku ta san wadda ta zuba da wadda ba ta zuba ba, har ranar kwasa ba ta kuskure. Ranar biki akwai mai zama bakin ƙofa da kaye, tana rubuta wance ta kawo jika 2, wance ta kawo turmin atamfa, don ranar nata bikin a rama. Kwamitin ginin masallaci yakan tashi bayan salla ya karanta abin da aka tara da buhun siminti nawa aka saya. Ka je ka aika wa ƙanenka jika 3 ta Nita ko Al Izza, sai an ba ka rasi. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, cikin Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi take. Al'ummar da ke rubuta gudummawar suna ba za a ce mata ba ta iya rubuta miliyan ɗari biyar ba. Jam'iyyun nan cike suke da kwantabul da lauyoyi da tsofaffin ministocin kuɗi. Iyawa ba ta ƙare musu ba, so ne babu.

Ta biyu, wai ko an tilasta musu, rasin ƙarya za su kawo. Za su kawo mana, wa ya musa? Amma rasin ƙarya tarko ne ga mai shi. Ku dubi abin da ya faru a Faransa. Ba ina kawo su don su waliyyai ne ba, mu da muka sallami sojojinsu a 2023 mun san su sarai. A zaɓensu na 2012 doka ta ce ɗan takarar da ya kai zagaye na biyu kada ya wuce yuro miliyan 22.5, wajen miliyar 15 na sefa. Kamfen ɗin Nicolas Sarkozy, shugaba mai ci a lokacin, ya kashe kusan ninki biyu. Don a ɓoye, aka sa wani kamfanin shirya taro mai suna Bygmalion ya rubuta takardun ƙarya, aka jingina kuɗin mitin ɗin ga wasu tarurrukan jam'iyya. Tun 2013 aka yi watsi da lissafin kamfen ɗinsa, ya rasa kuɗin da gwamnati za ta mayar masa. Daga baya asirin takardun ya tonu, a 2021 kotu ta same shi da laifi. Me ya kama shi? Takarda. Ƙaryar da aka rubuta tana da kwanan wata da sa hannu, ana iya aza ta kusa da wata a ga inda suka saɓa. Kuɗin da aka miƙa cikin duhu kuwa ba su da sawu.

Ta uku, wai a yanke iyakar abin da za a kashe, shi ke nan an huta. Mu leƙa Najeriya, tunda daga Maraɗi zuwa Jibiya ba nisa. Dokar zaɓensu ta 2022 ta ce ɗan takarar shugaban ƙasa kada ya wuce naira biliyan 5, kuma jam'iyya ta kai lissafin kamfe ga hukumar zaɓe cikin wata shida. A shekarar nan ɗaya daga manyan jam'iyyunsu ta sayar da takardar neman tsayawa kaɗai naira miliyan 100. Duk mai sauraron rediyo ya ji labarin dalolin da aka ce sun yi yawo wajen zaɓen fid da gwani. Wane babban ɗan takara kuka ji an raba da kujerarsa don ya ƙetare iyaka? Iyakar da ba mai tsaro, zane ne a kan rairayi. Mu ɗauki darasi tun daga nesa.

Ta huɗu ita ce mai nauyi, kuma ba zan raina ta ba. Ɗan kasuwa zai ce: "In anka rubuta sunana na taimaki ƴan adawa, gobe masu lanho za su rufe mini kanti." Wannan tsoro na gaskiya ne, an ga irin haka. Amma ku lura, masu mulki sun riga sun san wa ya ba wa. Suna da kunne a ko'ina. Talaka ne kaɗai bai sani ba. Ɓoyewar ba ta kare ɗan kasuwa daga gwamnati, tana kare su duka biyun daga gare mu. Maganin shi ne a bar mai ba da jika 5 ko jika 10 cikin rufin asirinsa, mai ba da miliyoyi kuwa a rubuta sunansa, kuma doka ta hukunta jami'in da ya yi ramuwa da ofishinsa. Ai tun da aka buɗe asusun taimakon ƙasa a 2023 muna ganin masu ba da gudummawa a talabijin, ana faɗin sunansu da abin da suka kawo, suna murmushi. Ashe ana iya bayarwa a bainar jama'a. Sai kuɗin siyasa ne ke jin kunyar rana?

Yanzu mu zo kanmu, mu matasa. Da za a buɗe littafin kamfe na gaskiya, a wane shafi za a same mu? Muna can ƙasa, wajen da ake rubuta "sauran tarkace": shayi da sukari na fada, riga mai hoto, litar mai biyu, jika guda ta ihu. Mu ne muka fi kowa yawa a ƙasar nan, mu ne kuma muka fi kowa araha. An saye shekara biyar ta rayuwar saurayi da abin da bai kai kuɗin takalmi ba. Ba na zagin wanda ya karɓa, yunwa ba ta san aƙida ba. Amma in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Muddin ba mu tambayi inda jikar ta fito ba, mai bayarwa zai ci gaba da ɗaukar mu kaya cikin kayan kamfe, kamar kujera da rumfa. Ɗaliban da suka faɗi a gadar Kennedy ranar 9 ga Fabrairu 1990, jininsu na cikin abin da ya buɗe ƙofar jam'iyyu da yawa da Babban Taron Ƙasa na 1991. Ba don a riƙa raba wa ƙannensu jika a bakin fili suka mutu ba.

Ga abin da nake ganin ya kamata mu nema, da baki ɗaya, kafin a sake ba kowace jam'iyya takardar izini. Kowane ɗan takara ya buɗe asusun banki guda na kamfe, da ma'aji guda wanda aka san sunansa, duk abin da ya shiga ko ya fita ya bi ta nan. Gudummawar kaya ma a yi mata kuɗi a rubuta: mota, mai, shinkafa, atamfa, har waƙar da aka yi wa mutum. Kamfanin da ya ba da kuɗi, ko mai shi, kada ya samu marshe ba tare da gasa a fili ba har wa'adin ya ƙare. A yanke iyakar kashewa, a kuma ba masu bincike mutane da motoci su bi mitin suna ƙirga da idonsu, don a gwada da abin da aka kawo a takarda. Lissafi ya iso cikin wata uku bayan zaɓe. A liƙa shi a ƙofar ofishin magajin gari na kowace kwamin, a karanta shi a gidajen rediyon karkara da Hausa, Zabarmanci, Fulatanci, Tamajak da Barbarci. Tunda an ce Hausa ta zama harshen ƙasa a 2025, to ga aikin farko da za a ba ta. Wanda bai kawo lissafi ba, ko aka kama shi da ƙarya, ya sauka daga kujerar, kuma a hana shi tsayawa zaɓe na gaba. Hukuncin da bai taɓa kujera ba, ɗan siyasa ba ya jin shi.

Kuma kada mu jira sai an kira mu taro a Yamai. Muna da ƙungiyoyin ɗalibai, muna da na ƴan gari ɗaya, muna da kulob na unguwa, kuma duk muna yin zaɓe. A nan ma akan buga afishi, akan dafa shayi, akan yi hayar amsa-kuwwa. A zaɓe mai zuwa, duk mai neman sakatare ko ma'aji ya tashi gaban taro ya karanta abin da ya kashe da wanda ya ba shi, kafin a jefa ƙuri'a. In wani babba ne daga waje ya biya masa, mu ji sunansa. Wanda ya saba da wannan yana shekara 22, ba zai ga baƙon abu ba ranar da ya nemi dipite. Wanda ya ƙi kuwa, mun gane shi da wuri, tun bai kai ga baitulmali ba.

Ranar da jerin motoci ya sake shigowa garinku, in an miƙo muku makirfo ko an zo fadarku gaisuwa, ku karɓi baƙo da mutunci, ku ba shi tabarma, ku zuba masa shayi. In ya gama alƙawuransa, ɗaya daga cikinku ya ce masa: "Ranka ya daɗe, mun ji. Motocin ga, wa ya zuba musu mai? Muna son ganin rasi."